Yadda ake ɗaure ginshiƙan katako da fandisho idan akwai daɓen filawud a tsakani

Toh bari in fara da abin da mutane suka fi yin sakaci a kai, saboda shi ne tushen duk maganar. Ginshiƙin gidan da aka yi da manyan katakai, irin waɗanda ake haɗawa da harshe da rami a buga fegin itace, ba kamar bangon tu-bai-fo (katako mai inci 2 sau 4) bane da nauyi yake rarrabuwa a kan ƙananan sanduna da yawa. A nan nauyin rufi da na bene da komai yana taruwa ne a wurare ƙalilan, wataƙila guda 8 ko 12 a duk gidan, kowanne ya sauko ta ƙafa ɗaya mai faɗin inci 8 sau 8. Idan ka shimfiɗa daɓe na yau da kullum, wato katakon da ke kwance kan fandisho, sai jois (katakan da ake jerawa su ɗauki daɓen), sai filawud a sama, ka zo ka dasa ginshiƙin a kai ba tare da ka kula da abin da ke ƙarƙashinsa ba, to filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu ka ɗora wa kayan da ba nasa ba.

Aiki uku ake so gindin ginshiƙi ya yi. Ya kai nauyi ƙasa har kankare, kar ya zame gefe, kuma kar iska ta ɗaga shi. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya magance ɗaya ba lallai ya magance sauran ba. Mutane da yawa sun ɗauka gidan yana da nauyi ai ba inda zashi, amma iska mai ƙarfi idan ta bi ta kan rufi tsotsarsa take yi sama, ta kuma tura bango ta gefe, sai kaga ginshiƙin ɓangaren da iskar ke bugowa yana neman tashi, musamman a rumfa ko baranda da ba bango.

Tun kafin a zuba kankare

Matakin farko a kan takarda yake. Ka zauna da zanen firam ɗin, wato ƙwarangwal ɗin manyan katakan, da zanen fandisho ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka tabbatar duk inda ginshiƙi zai sauka akwai kankare a ƙarƙashinsa kai tsaye. Ga inda ake faɗawa rami: a irin wannan gini yawanci bango a wajen firam yake, ana lulluɓe katakan ne daga waje domin a riƙa ganinsu a ciki. Idan bangon naka falle ne mai kumfa a tsakiya mai kaurin inci 6 da rabi, ga kuma ɗan ratar da ake bari domin allon jifsam ya shige bayan ginshiƙi, to ginshiƙin ya matsa ciki da kusan inci 7 daga bakin daɓe. Bangon fandishonka kuma inci 8 ne. Kaga kenan kusan duk ginshiƙin a iska yake rataye, inci ɗaya kacal ke kan kankare. Maganin shi ne a ƙara wa bangon kankaren kumburi ta ciki a daidai kowane ginshiƙi, da rodinsa da faɗaɗɗen gindinsa, ko a ƙara kaurin bangon gaba ɗaya. Ginshiƙan tsakiyar gida kuma kowanne da nasa dunƙulen kankaren. Girman wannan gindin ya danganta da nauyi da irin ƙasar wurin, nan kam aikin injiniya ne, kar ka yi shi da ka.

A wannan lokacin ne kuma zaka yanke shawarar irin ƙarfen ɗauri, don wasu a cikin ɗanyen kankare ake binne su, in ka wuce wurin sai dai ka koma hudawa.

Bol ɗin da ke riƙe katakon kwance

Katakon farko da ke kwanciya kan kankare dole ya zama wanda aka dafa da magani a matse, saboda danshi da gara. Tsakaninsa da kankare a shimfiɗa siririyar kumfa ko takardar kwalta, kankare yana jan ruwa daga ƙasa kamar lagwani, in ba abin da ya raba su katakon zai ta sha a hankali.

Dokar gina gidajen zama da aka fi bi a Amurka, wadda ake kira IRC, ta ce bol ɗin kar ya gaza rabin inci a kauri, ya nutse aƙalla inci 7 a kankare, tazara tsakanin biyu kar ta wuce ƙafa 6, kuma kowane gutsuren katako ya samu aƙalla biyu, ɗaya a cikin inci 12 daga kowane ƙarshe. A yankunan girgizar ƙasa mai tsanani ana ƙara washa mai faɗin inci 3 sau 3. Dokar inda kake ita ce a gaba, amma waɗannan alƙaluma suna nuna maka mafi ƙarancin da ake yarda da shi. Sai dai ka gane, waɗannan bol ɗin katakon kwance suka riƙe, ba ginshiƙi ba. Ginshiƙi nasa daban.

Ka kuma auna inda kowane bol zai fito kar ya faɗa daidai inda jois zai zauna ko tsakiyar gindin ginshiƙi in ba haka aka tsara ba, ba abin da ya kai sassaƙe sabon katako don kaucewa kan noti ɓata rai. Ni na fi son a yi ɗan allo na filawud a huda shi daidai, a ɗaure a jikin katakon da ke tare kankare, bol ɗin ya rataya a ciki tun kafin zubi. Masu tsoma bol da hannu bayan an zuba suna barin rami a gefensa kuma yakan karkace. A naɗe zaren bol ɗin da salatif kar siminti ya cike shi.

Kankare yana kai ƙarfin da aka lissafa masa ne a kwana 28. Ana iya fara shimfiɗa katako kafin nan, amma ɗaure noti da ƙarfi da ɗora babban nauyi a ɗan yi haƙuri.

A kan daɓe zai tsaya ko ratsa shi zai yi

Hanya biyu ce, kuma duk suna aiki.

Ta farko, a gama daɓen tsaf ya zama fili ɗaya, a yi aikin haɗa firam a kansa, ginshiƙi ya tsaya kan filawud, a ƙarƙashi kuma a cike wurin da katako har zuwa katakon kwance. Wannan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ranar ɗaga firam ba ramukan da mutum zai zura ƙafa, ruwan sama ma ba inda zai taru.

Ta biyu, a yanke filawud ɗin, ginshiƙi ya zarce ƙasa ya zauna kan katakon kwance ko kan farantin ƙarfe da ke kan kankare. Nan ginshiƙin zai fi tsawo da zurfin daɓen, jois ɗin da ya ci karo da shi a yanke shi a rataye a kan wani na gicciye da ƙarfen rataye. Ta fi wahala, amma nauyi yana tafiya ne daga itace a tsaye zuwa kankare ba ɗan aike a tsakani.

Me yasa ake damuwa da ɗan aiken? Saboda halin itace. Katako idan ka danna shi ta tsawonsa, yadda bishiya take ɗaukar kanta, yana da ƙarfi sosai, in kuma ka danne shi a kwance ta gefe sai ya lotsa. Irin katako mai laushi da ake jois da shi, lissafin da ake ba shi a kwance wajen kilo 30 ne a kan kowane murabba'in santimita. Ginshiƙi mai santimita 20 sau 20 in ya zauna gaba ɗayansa a kan cikakken katako, murabba'i 400 kenan, kusan tan 12. Amma in abin da ke ƙarƙashinsa jois ɗin bakin daɓe ne kawai mai kaurin santimita 3.8, murabba'i 76 ne ya rage, wajen tan 2 da ɗan kai. Ginshiƙi ɗaya, wuri ɗaya, bambancin kawai abin da aka cusa a ƙasa.

Sai maganar ƙanƙancewa. Itace in yana bushewa kusan baya raguwa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa. Jois mai zurfin inci 9 da kwata da aka sa yana da danshi kashi 19 cikin ɗari, in ya bushe a cikin gida zai iya rage kusan kwatan inci. Yanzu ka ƙaddara ginshiƙan gefe suna kan daɓe bisa katakon da ke kwance, na tsakiya kuma sun ratsa sun zauna kan kankare, bayan shekara biyu na gefe sun sauka na tsakiya suna nan, firam ɗin ya ɗan yi doro, haɗe-haɗen sama suna buɗe baki. Shi yasa shawarata ka zaɓi hanya ɗaya ka bi ta a duk ginshiƙan. Ƙaramin gini mai hawa ɗaya ta farko ta wadatar, in bene ne da rufi mai nauyi ni dai na fi samun natsuwa da ta biyu.

Cikon ƙarƙashi

Nan zan daɗe don nan ake cin amana, tunda da zarar an rufe filawud ba mai gani.

Bayan ka jera jois, kafin ka shimfiɗa filawud, ka ja igiya ka fitar da wurin kowane ginshiƙi a kan katakon kwance ka zana shi da fensir, cikakken murabba'insa. Wannan murabba'in gaba ɗaya ake so a cike. Ka yanko guntayen katako busassu ka tsayar dasu a tsaye, zaren itacen yana kallon sama kamar ƙaramin ginshiƙi, ka jera su manne da juna har su cike faɗin, ka haɗa su da ƙusa ko sukuru da gam, ka kuma ɗaure su da jois ɗin da ke kusa. Guntun babban katako guda ɗaya da ya rage daga ginshiƙi ma yana yi, in dai ya bushe. Kan su ya zama an yanke shi sumul, in ɗaya ya fi sauran tsawo shi kaɗai zai ɗauki kayan.

In jois ɗinka irin na masana'anta ne mai siririn allo a tsakiya, kar ka kuskura ka bar ginshiƙi ya danne shi, allon tsakiyar lanƙwashewa zai yi. Masu yin su suna cewa a yanke cikon ya fi jois ɗin tsawo da inci ɗaya bisa goma sha shida, don nauyin ya sauka kan cikon ya bar jois ya huta. In kuma jois na katakon zarto ne wanda zai tsuke, cikon da ke tsaye ba zai bi shi ba, wata rana zaka ji ɗan tudu a daɓe kusa da ginshiƙi. Ƙaramin abu ne kuma na gwammace shi da ginshiƙi mai nutsewa, amma yana raguwa sosai in ka sayi busasshen katako tun farko.

Na taɓa shiga ƙarƙashin wani gida da fitila saboda ƙofar da ke kusa da ginshiƙin kusurwa ta daina rufuwa. A sama dai zaka ga filawud ya ɗan lotsa zagaye da gindin ginshiƙin kamar an danna katifa da gwiwa, har ƙwallon yara in ka ajiye gangarawa take can. Da na haska sai ga abin: guntun tu-bai-fo guda biyu a kwance, an soka musu ƙusa ta gefe, tsakaninsu da katakon kwance kuma ratar da yatsana ya shige. Wanda ya yi aikin ya sa ciko dai, don a ce an sa. Sai da muka sa jak muka ɗaga kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, sannan muka cusa na gaske, aikin minti ashirin ya zama na sati.

In ka rufe filawud sai ka sake fitar da layukan a sama. Ka auna daga layi ɗaya da ka amince da shi, ka duba kusurwa da lissafin 3, 4, 5 (gefe ɗaya 3, ɗayan 4, gicciyensu ya zo 5), ka auna gicciye biyu su zo daidai. Daga nan ka ɗauko leza ko tiyo mai ruwa ka duba tsayin daɓe a wurin kowane ginshiƙi ka rubuta a jikin filawud ɗin. Daɓe baya taɓa zama lebur ɗari bisa ɗari. Ka ɗauki wuri ɗaya a matsayin sifili, kowane ginshiƙi a yanke gindinsa gwargwadon bambancin wurinsa, shi yasa masu wayo basa yanke gindi sai an gama daɓe. In ya zama dole a yi ciko bayan an yanke, da farantin ƙarfe mai cikakken faɗi ake yi, ba da tsinken katako ba.

Hana zamewa

Abu mafi sauƙi shi ne a bar ɗan gajeren harshe a gindin ginshiƙi, kamar inci 2 sau 4, a fafe raminsa a filawud har cikin cikon. Ranar ɗagawa yana taimakawa ƙwarai, da ya faɗa ramin ka san ginshiƙi yana inda ya kamata. Ramin ya ɗan fi harshen zurfi, don kafaɗun ginshiƙi ne za su ɗauki nauyi ba kan harshen ba. In za a kwana biyu kafin a yi rufi a huda ɗan ƙaramin rami a ƙasansa ruwa ya samu hanyar fita. Amma harshen nan gefe kawai ya tsare, ja sama ko kaɗan baya hanawa.

Hana tashi

Ƙa'idar ita ce ƙarfe ya taso daga cikin kankare ya kama jikin ginshiƙin kansa. Sukuru da aka soka a karkace daga ginshiƙi zuwa filawud ba ɗauri bane, riƙon ranar aiki ne kawai.

Mafi arha da sauri shi ne ɗamarar ƙarfe. Ana binne ƙarshenta a kankare tun wurin zubi, ta miƙe ta bayan jois ɗin baki ta hau bayan ginshiƙi a cike ramukanta da ƙusa, bango ya zo ya rufe ta. Kamfanoni irin su Simpson Strong-Tie suna yin masu ƙarin tsawo musamman don tsallake zurfin daɓe, don haka ka duba kar ka sayi gajera rabin ramukan su ƙare a kan jois. Duk ramin da aka ce a cike a cike shi, da irin ƙusar da aka rubuta, kuma kar a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Matsalarta sai ginshiƙi yana daf da bakin daɓe take aiki, in ya matsa ciki saboda kaurin bango to sai wata dabarar.

Ta biyu sanda ce mai zare. Tana fitowa daga kankare ta ratsa katakon kwance da ciko da filawud ta shige cikin gindin ginshiƙi ta tsakiya. A gefen ginshiƙin a fafe ɗan aljihu inda za a sa faffaɗar washa da noti, a toshe da itace daga baya, ko a yi amfani da irin ƙarfen haɗi na kamfanin Timberlinx wanda fil ɗinsa ke buɗewa a ciki ya ja haɗin ya matse, daga waje sai ka ɗauka fegi ne. In sandar ta gaza tsawo akwai doguwar noti ta haɗi. Wahalar wannan huda ce, sai ka huda rami mai tsawo a miƙe cikin kan itace, ka yi wa diril ɗin jagora da katako kar ka dogara da ido.

Ta uku farantin ƙarfe ne mai wuƙa a tsaye da aka yi wa walda. Farantin yana ɗaure da kankare, wuƙar ta shige tsagar da aka yanka a gindin ginshiƙi, a ratsa da fil ɗin ƙarfe ko bol biyu. Ita ta fi dacewa da ginshiƙin da ya ratsa daɓe ko wanda ke kan dunƙulen kankare a waje. Ramin bol kar ya matso ƙarshen katako, in ja ne ake bukatar aƙalla ninki 7 na kaurin bol ɗin a katako mai laushi, wato bol mai inci uku bisa huɗu sai ya yi sama da inci 5 daga gindi, in ba haka ba itacen tsagewa zai yi ya saki.

In an riga an zuba kankare ba a sa komai ba, ba a makara ba. A huda a dasa sanda mai zare da gam ɗin ifoksi. Kankaren ya kai aƙalla kwana 21, kuma ramin a hure shi, a goge da buroshi, a sake hurewa, don ƙura ce ke kashe wannan aikin, gam ya kama gari maimakon kankare. Bol mai buɗewa a ciki kuma ka kiyaye shi kusa da bakin bango, yana iya fasa gefen.

Ruwa da tsatsa

Kan itace, inda aka yanke, shi ya fi ko'ina shan ruwa. Ka shafe gindin kowane ginshiƙi da kakin rufe kai ko fenti mai kauri kafin a tayar. Wanda zai zauna kan kankare a inda ruwa ke iya zuwa a ɗaga shi aƙalla inci 1 da ƙarfe, kankaren kuma ya fi doron ƙasa tudu da aƙalla inci 6, a ɗan gangarar da samansa ruwa ya zube. Kar ka binne gindin ginshiƙi a cikin kankare wai don ya yi ƙarfi, kofi ka yi masa, itacen zai tsuke ruwa ya shiga ya zauna.

Magungunan da ake dafa katako dasu yanzu akwai tagulla da yawa a ciki, suna cin baƙin ƙarfe da sauri, don haka duk ƙusa da bol da washa da za su taɓa shi su zama waɗanda aka tsoma a narkakken zinki, ko ƙarfe mara tsatsa. Itacen oak, wani katako mai tauri, shi ma haka, ruwan jikinsa in ya haɗu da baƙin ƙarfe sai kaga baƙin tabo yana gangarowa, ƙarfen kuma yana ciwuwa.

Ranar ɗagawa da bayanta

Kar ka ɗaure komai tamau da farko. A tayar da firam, a tokare shi da katakai a gicciye, a duba kowane ginshiƙi ta fuska biyu ya tsaya cak, a buga fegi, sannan a bi gindi ɗaya bayan ɗaya a matse noti a cike ƙusoshin ɗamara. In ka riga ka kafe gindi sannan sama ta ƙi haɗuwa, kwancewa zaka yi kireni yana jira. Tokaran wucin gadi kuma su zauna har sai bango da rufi sun kama.

Ka ɗauki hoton kowane ciko da kowane ɗauri kafin a rufe, mai duba gini zai iya tambaya, kai ma zaka manta. Manyan katakai yawanci ɗanyu ake aiki dasu kuma suna ɗaukar shekaru suna bushewa, daɓen ma zai ɗan sauka, don haka notin da ka matse yau zai yi sako-sako. Toshen aljihun noti kar ka sa masa gam, ka bar shi yadda zai ciru, a ƙarƙashin daɓe ma ka bar ƙofar shiga. Bayan shekara ɗaya ka bi su da sifana ka ƙara matsewa, a shekara ta biyu ka sake, kana yi kana haska gindin da fitila ka soka tsinin sukurudireba ka ji ko akwai inda itacen ya yi laushi ko gara ta fara gina hanyarta a jikin kankare.